Taswirar da Kamfani Ya Zana: Wa Ke Yanke wa Gidajen Amurka Tashar da Za Su Kalla?

A kusurwar kudu maso yammacin jihar Colorado, a gindin duwatsun San Juan, akwai wani gari da ake kira Durango, hedikwatar gundumar La Plata. Mutanensa 'yan Colorado ne ta kowace fuska. Can suke biyan haraji, gwamnan da ke zaune a Denver shi suke zaɓa, dokokin majalisar jihar su ke hawa kansu. Amma shekara da shekaru, in yamma ta yi magidanci ya kunna talabijin don ya ji labaran gida, abin da ke fito masa labaran Albuquerque ne, birni mafi girma a jihar New Mexico. Ya san rigimar majalisar wata jiha, ya san sunayen shugabannin 'yan sandanta, lokacin zaɓe kuma ya sha tallan 'yan takarar da ba shi da ikon jefa wa ƙuri'a. Waɗanda zai zaɓa da hannunsa kuwa da wuya ya ga fuskarsu.

Ba gwamnati ce ta ajiye Durango a hannun Albuquerque ba, kuma ba a taɓa tambayar mutanen garin a akwatin zaɓe ba. Wani kamfani ne mai zaman kansa, Nielsen, ya zana taswirar da ta raba Amurka gida 210, kowane gida ana kiransa kasuwar talabijin, ko DMA a taƙaice. Wannan taswira ba ta san iyakar jiha ba. Duk da haka ita ce ke yanke tashoshin da kamfanin tauraron ɗan'adam zai kawo wa gida, da kuɗin da za a biya kan tallan daƙiƙa talatin, da yawan tashoshin da doka ta yarda attajiri ɗaya ya mallaka.

Asalinta na masu talla ne

Arthur C. Nielsen ya kafa kamfaninsa a Chicago a 1923, yana auna abin da ake saye da sayarwa. Daga baya ya shiga auna masu sauraren rediyo, a 1950 kuma ya tsunduma cikin talabijin. Matsalar da ke gaban masu talla a lokacin mai sauƙin faɗi ce. Igiyar tasha ba ta tsayawa a bakin iyaka. Gida ɗaya da ke tsakanin birane biyu yana iya kama tashoshin duka biyun, kowace tasha kuma sai ta lissafa shi cikin masu kallonta. Mai sayar da sabulu ko mota da ya sayi talla a biranen biyu sai ya ga ya biya kuɗin gida ɗaya sau biyu. Ana bukatar tsarin da zai ba kowane gida mazauni guda tak, ba tare da wani ya hau kan wani ba.

Abokin hamayyar Nielsen, wanda aka fi sani da Arbitron, ya fito da irin tasa taswirar a tsakiyar shekarun 1960, ana kiran yankunansa ADI. Kamfanonin biyu suka yi ta tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa da nasa zanen, har ƙarshen 1993 lokacin da Arbitron ya janye daga auna talabijin ya koma rediyo kaɗai. A 2013 Nielsen ya saye shi baki ɗaya. Akwai wasu masu awo a yau, irin su Comscore, amma taswirar da doka ta ambata da suna ta Nielsen ce.

Ƙa'idar zanen ita ce: ana ɗaukar gunduma, a duba sa'o'in da mutanenta suka yi suna kallon tashoshin gida, a ga tashoshin wane birni ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Gundumar gaba ɗayanta sai ta tafi can. Amurka na da gundumomi sama da dubu uku, kuma in ka cire 'yan ƙalilan da girmansu ko duwatsun da suka ratsa su suka sa aka raba su biyu, kowace tana kasuwa ɗaya ne. Duk shekara ana sake duba lissafin, wasu gundumomin bakin iyaka su sauya sheƙa. Abin ya yi kama da ƙauyen da hakiminsa ke gabas amma kasuwar da yake ci tana yamma saboda hanya ta fi miƙewa can: mai talla ba ruwansa da hakimi, inda ƙafa ke zuwa yake bi.

Sakamakon zanen bai da daidaito ko kaɗan, kuma ba a nufi ya yi ba. Kasuwar New York, wadda ita ce ta ɗaya, tana da gidaje masu talabijin sama da miliyan bakwai, ta haɗa yankunan jihohi huɗu: New York kanta, arewacin New Jersey, gundumar Fairfield ta Connecticut, da gundumar Pike ta Pennsylvania. Los Angeles da Chicago na biye. A can ƙasan jerin akwai Glendive, wani ƙaramin gari a gabashin Montana da ya daɗe yana riƙe da lamba ta 210, gidajensa ba su kai dubu biyar ba, kuma shekaru da dama tasha ɗaya ce, KXGN, take kawo musu shirye-shiryen CBS da na NBC a haɗe. Kasuwar Salt Lake City ta mamaye jihar Utah kaf, ta leƙa Nevada da Idaho da Wyoming, domin ɗaruruwan ƙananan na'urorin maimaita sigina da aka kakkafa a kan duwatsu suna miƙa hoton daga kwari zuwa kwari.

Yadda ake tattara bayanan ma ya cancanci a tsaya a kai. Shekaru masu yawa, a ƙananan kasuwanni, Nielsen littafi yake aika wa zaɓaɓɓun gidaje ta gidan waya, a watanni huɗu na shekara: Nuwamba, Fabrairu, Mayu da Yuli. Mutanen gida su rubuta da hannu abin da suka kalla cikin mako, su mayar. A manyan birane ne ake liƙa wa akwatin na'urar awo. Sai a 2018 aka yi ritaya da littattafan takarda, aka koma dogaro da na'urori da bayanan da dikodojin kebul da na tauraron ɗan'adam ke mayarwa. A gundumar da mutane ba su da yawa, makomar dubban gidaje tana iya rataya kan abin da 'yan gidaje kaɗan suka tuna suka rubuta.

Ranar da doka ta ari taswirar

Da a ce abin ya tsaya tsakanin masu talla da tashoshi, da ba wanda zai damu. Gizo ya fara saƙa ne lokacin da majalisar dokokin Amurka ta bukaci ma'anar "tashar gida" ta rasa inda za ta samo, sai ta miƙa hannu ta ɗauki wadda 'yan kasuwa suka riga suka yi.

Dokar kebul ta 1992 ta ba kowace tasha zaɓi biyu a cikin kasuwarta: ko ta tilasta wa kamfanin kebul ya ɗauke ta kyauta, ko ta ce sai an biya ta kafin a ɗauka. Duk shekara uku ake sabunta zaɓin. Kamfanonin kebul sun kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a 1997 da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Da farko taswirar Arbitron aka yi aiki da ita, da kamfanin ya bar fagen aka koma ta Nielsen. A 1999 wata doka ta buɗe wa kamfanonin tauraron ɗan'adam, DirecTV da Dish, ƙofar kawo tashoshin gida, da sharaɗin cewa tashar kasuwa kaza mutanen kasuwa kaza kaɗai za a ba. Ƙari a kan haka, yarjejeniyar da kowace tasha ke ƙullawa da manyan kafofi irin su ABC, CBS, NBC da Fox tana ba ta keɓantaccen yanki, ba ta yarda wata tashar ta shigo mata da shirye-shirye iri ɗaya ba.

Daga nan ne taswirar ta fara ciyar da kanta, kuma a ganina wannan shi ne babban aibinta. An sa gunduma a kasuwar Albuquerque saboda mutanenta Albuquerque suke kallo. Sannan doka ta ce, tunda suna kasuwar Albuquerque, ita kaɗai za a saka musu a faranti. Baɗi in aka zo awo, me za a tarar suna kallo? Awon ya daina tambayar abin da mutane suke so, ya koma tabbatar da abin da aka ba su. Gundumar da take son ficewa ba ta da hanyar nuna son nata a cikin alƙaluman da za a yi mata hukunci da su.

Irin waɗannan wurare Amurkawa na ce musu marayun gundumomi, wato waɗanda aka jingina da kasuwar wata jiha. Suna da yawa. A Wisconsin gundumomi 13 na bakin iyaka suna ƙarƙashin kasuwannin maƙwabta irin su Minneapolis da Duluth, inda ranar Lahadi ake nuna musu wasan ƙungiyar Vikings ta Minnesota alhali zuciyarsu na tare da Packers ta jiharsu. Sanata Tammy Baldwin ta gabatar da ƙudurin doka kan wannan fiye da sau ɗaya. A arewa maso gabashin Georgia, gundumomin Franklin, Hart, Stephens da Elbert suna kasuwar Greenville ta South Carolina, sun kuma yi ta fafutukar a ba su tashoshin Atlanta. Wyoming kuwa an yayyage ta tsakanin Denver, Salt Lake City, Billings da Rapid City, ban da ƙananan kasuwanninta na cikin gida.

Maganar ƙwallo ita ta fi tara jama'a a zauren taro, amma asarar da ta fi nauyi ta siyasa ce. Wani bincike da Daniel Moskowitz ya wallafa a 2021 ya kwatanta masu zaɓen da ke kallon tashoshin jiharsu da waɗanda ke kallon na wata jiha. Ya gano na farkon sun fi sanin gwamnansu da sanatocinsu, sun kuma fi iya zaɓen ɗan takara don halinsa ko da jam'iyyarsa ta saɓa da wadda suka zaɓa a kujerar shugaban ƙasa. Wanda bai san gwamnansa ba, alamar jam'iyya kaɗai ta rage masa.

A 2014 majalisa ta ɗan sassauta. Ta ba gwamnatocin gundumomi damar kai kuka ga hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, su roƙi a ƙara musu tashoshin jiharsu a tauraron ɗan'adam. La Plata na cikin waɗanda suka fara shigar da takarda, a 2017 kuma hukumar ta amince a ƙara mata tashoshin Denver. Tashoshin Albuquerque suka ɗaukaka ƙara, a 2019 hukumar ta tsaya kan bakanta. Sai dai izinin hukuma ba shi ne hoto a akwati ba. Dole tashar Denver da kamfanin tauraron su daidaita kan kuɗi, dole babbar kafa ta yarda a tsallaka da shirye-shiryenta cikin yankin da ta riga ta ba wani. Kuma ko bayan wannan hukunci, a littafin Nielsen gundumar ba ta motsa ba. Hukuma na iya gyara wa za a ɗauka a ina, amma ba ita ke riƙe da alƙalamin taswirar ba.

Garin da ke kan lasisi

Gwamnati ma tana da nata zanen, wanda ya girmi na 'yan kasuwa, kuma saɓanin da ke tsakanin zanen biyu shi ne tushen yawancin kurakuran da ake yi wajen bayyana tasha. Dokar sadarwa ta 1934, wadda ta kafa FCC, ta ce a raba lasisi tsakanin jihohi da al'ummomi bisa adalci. A 1948 hukumar ta dakatar da ba da sababbin lasisin talabijin saboda igiyoyi sun fara cakuɗa. Dakatarwar ta kai har 1952, lokacin da ta fitar da jadawalin da ya ware wa kowane gari lambobin tasha. Tun daga ranar kowace tasha na da gari ɗaya a kan lasisinta, wanda take da alhakin yi wa hidima. Har yau doka ta ce a kowace sa'a tasha ta bayyana haruffan sunanta, ta bi su da sunan wannan gari. Haruffan kan fara da W a gabashin kogin Mississippi, da K a yammacinsa, ban da tsofaffi irin su KDKA ta Pittsburgh da WFAA ta Dallas da suka saɓa.

Wanda ya zura ido ga ƙananan rubutun da ke bayyana a ƙasan allo in sa'a ta cika zai ga abin mamaki. KTVU, wadda kowa ke ɗauka tashar San Francisco ce, lasisinta na Oakland ne. KXAS da KTVT na yankin Dallas, na Fort Worth ne. WHYY, tashar jama'a da ke aiki daga tsakiyar Philadelphia, a takarda ta Wilmington ce a jihar Delaware. A Durango kanta akwai tasha mai lasisin garin, KREZ, amma aikinta maimaita abin da KRQE ta Albuquerque ke watsawa. Wanda ya rubuta cewa Durango na da tashar talabijin bai yi ƙarya ba. Wanda ya karanta ya ɗauka akwai ɗakin labarai cike da 'yan jarida da ke bin majalisar gari kuwa an ɓatar da shi.

Babu labarin da ya fito da wannan fili kamar na New Jersey. Jiha ce mai mutane sama da miliyan tara, amma ba ta da kasuwar talabijin tata. Arewa ta New York ce, kudu ta Philadelphia. Ɗan takarar gwamna dole ya sayi talla a biyu daga cikin kasuwanni mafi tsada a ƙasar, yana sane cewa akasarin waɗanda za su gani ba 'yan jiharsa ba ne. A 1982 Sanata Bill Bradley ya tura wata doka da ta ce duk tashar kasuwanci ta zangon VHF da ta yarda ta mayar da lasisinta jihar da ba ta da irinta, za a sabunta mata lasisi kai tsaye. Kamfanin RKO General, wanda ke cikin tsaka mai wuya da hukuma har ya riga ya rasa tasharsa ta Boston, ya kama wannan igiya. A 1983 tasharsa ta 9 ta New York ta koma ta Secaucus a New Jersey, garin da ke 'yan kilomitoci daga Manhattan. Daga baya aka sa mata suna WWOR, a 2001 ta shiga hannun Fox.

An gina mata ofis a Secaucus, ta yi shekaru tana labarai daga can. Amma kasuwarta ba ta sauya ba, masu tallanta na New York ne, eriyarta na kan dogayen gine-ginen Manhattan. 'Yan New Jersey, ciki har da Sanata Frank Lautenberg, sun yi ta ƙorafin cewa ba ta sauke nauyin da aka ba ta lasisi dominsa ba. A 2013 ta rufe sashen labaranta, ta maye gurbinsa da wani shiri da wani kamfani na waje ke haɗawa. A 2017 FCC ta soke tsohuwar ƙa'idar da ta tilasta wa kowace tasha riƙe babban ofis a garin lasisinta ko kusa da shi, ba a jima ba kuma aka kwashe ayyukan WWOR zuwa ginin 'yar'uwarta WNYW a Manhattan. Sunan Secaucus na nan yana fitowa kowace sa'a. To, tashar ina ce? Duk amsar da ba ta faɗi rabin nan biyu ba ta tauye gaskiya.

Ƙananan garuruwan da babbar kasuwa ta haɗiye sun fi kowa jin jiki. Akron a Ohio tana da tashar ABC tata shekaru da dama, amma tana cikin kasuwar Cleveland. A 1996 aka sayar da ita, sabon mai ita ya rufe labarai, alaƙa da ABC ta yanke. WMGM da ke yi wa yankin Atlantic City hidima ta rasa NBC a ƙarshen 2014, saboda NBC na da tasharta ta kanta a Philadelphia. WHAG ta Hagerstown a Maryland ta gamu da irin wannan a 2016, don tana cikin kasuwar Washington. Wadda ta tsira ita ce WMUR ta Manchester a New Hampshire: tana cikin kasuwar Boston, amma ta riƙe ABC da ɗakin labaranta, kuma duk mai neman shugabancin Amurka sai ya bi ta ƙofarta lokacin zaɓen fidda gwani. Wani abin da ya taimake ta shi ne kamfani ɗaya, Hearst, ya mallake ta tare da tashar ABC ta Boston, don haka babu mai ƙorafin an shigo masa yanki.

Wa ya mallaka, wa ke magana

Lambar tasha ma yanzu suna ne kawai. Ranar 12 ga Yuni 2009 manyan tashoshin Amurka suka kashe tsohon tsarin watsawa suka koma na dijital, yawancinsu a kan wani zango dabam. An bar su su riƙe tsofaffin lambobinsu a allo don kada masu kallo su ruɗe. Bayan gwanjon igiyoyi da aka kammala a 2017, wanda ya tara kusan dala biliyan 20 daga kamfanonin waya da makamantansu, kusan tashoshi dubu suka sake ƙaura. Tashar CBS ta New York har gobe "ta biyu" ake ce mata, alhali siginarta a zangon UHF take tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma wanda ke tsallakowa har ɗakunan labaranmu na Hausa in ana juya rahoton wata gobara ko harbi a Amurka, shi ne a ce "tashar CBS ta ruwaito" ko "Fox News ta ce" alhali wata tashar gari ce mai ɗauke da tambarin kafar. Mu da muka saba da NTA, inda tashar Kano da ta Sakkwato rassan uwa ɗaya ne, da tashoshin jihohi da sunansu ke faɗin mai su, muna iya ɗauka haka abin yake a can. Ba haka yake ba. Manyan kafofin sun mallaki tashoshi kaɗan ne a manyan birane. Sauran na wasu kamfanoni ne irin su Nexstar, Sinclair, Gray, Scripps da Hearst, waɗanda ke ɗaukar shirye-shiryen kafar bisa yarjejeniya amma labaran gida nasu ne. Tashar da ke kiran kanta Fox a wani gari tana iya zama ba ta da wata alaƙar aikin jarida da Fox News ta kebul. Jingina wa babbar kafa maganar da ba ita ta yi ba zalunci ne ga ita da kuma ƙaramin ɗan jaridar da ya je wurin da ƙafarsa.

Mallaka kanta tana da hawa biyu. Dokar 2004 ta ƙayyade cewa kamfani ɗaya kada ya kai ga fiye da kashi 39 cikin ɗari na gidajen ƙasar, kuma da taswirar Nielsen ake lissafin: in kana da tasha a kasuwa, duk gidajen kasuwar an ɗora maka, ko suna kallonka ko ba sa yi, sai dai tashar UHF rabi ake ƙirga mata. Don kauce wa wannan iyaka da ta yawan tashoshi a gari ɗaya, sai aka ƙirƙiro kamfanonin rakiya, masu riƙe lasisi a takarda yayin da babban kamfani ke tafiyar da komai. WPIX ta New York lasisinta ya koma hannun Mission Broadcasting a 2020, Nexstar kuma ke gudanar da ita, a 2024 FCC ta nemi cin tarar su kan cewa ikon gaskiya yana hannun Nexstar. A ƙananan garuruwa da yawa za ka ga tashoshi biyu masu tambari dabam, ɗakin labarai ɗaya, wani lokaci har mai karanta labarai ɗaya.

Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda mai kallo yana ba tashar garinsu amanar da ba ya ba kafofin ƙasa. Fuskar da ke gaya masa hanyar da ambaliya ta yanke, ita yake yarda da ita. A farkon 2018 wani faifai da shafin Deadspin ya harhaɗa ya nuna masu karanta labarai na gomman tashoshin Sinclair suna furta rubutu ɗaya kalma da kalma, kowa a gaban tambarin garinsu, wanda hedikwata ta aiko a karanta. Binciken Gregory Martin da Joshua McCrain na 2019 ya nuna tashoshin da kamfanin ya saya sun ƙara yawan siyasar ƙasa, sun rage ta gida. Kamfani na da 'yancin ra'ayinsa. Haƙƙin mai kallo ne kuma ya san daga ina muryar ta taso, kuma kalmar "tashar gida" ita kaɗai ba ta gaya masa.

Adalci ga taswirar

Duk da abin da na faɗa, ba na cikin masu cewa a yaga zanen Nielsen a bi iyakokin jihohi. Mutumin Gary a Indiana, Chicago yake aiki, hadarin da ya taso wa Chicago shi ke sauka a kansa. Arewacin Kentucky da Cincinnati gari ɗaya ne da kogi ya raba. Kansas City rabi Missouri rabi Kansas. Ko Durango, tafiyar awa uku da rabi ce zuwa Albuquerque a mota, Denver kuwa awa shida ko fiye ta kan duwatsu masu dusar ƙanƙara. Lokacin da gurɓataccen ruwan mahaƙar Gold King ya kwararo cikin kogin Animas a watan Agusta 2015, ta Durango ya bi ya gangara New Mexico, bala'in kuma na jihohin biyu ne. A ƙasar da guguwa ke iya share unguwa cikin mintuna, tashar da na'urar hangen yanayinta ta fi kusa ita ke ceton rai. Kuma in aka zare gundumomi daga ƙaramar kasuwa, kuɗin tallanta ya ragu, ɗakin labaranta ne zai fara biya.

Laifin ba na mai awo ba ne da ya auna abin da aka biya shi ya auna. Na masu doka ne da suka mayar da kayan aikin talla ya zama shinge, suka ce gida ɗaya kasuwa ɗaya, alhali a fasahar yau ba abin da zai hana a ba mutumin bakin iyaka tashoshin maƙwabta don yanayi da kasuwa, da na jiharsa don mulki. Abin da ya hana kuɗin keɓantaccen yanki ne.

Taswirar tana da wani makantar kuma: gidajen Amurka kaɗai take ƙirgawa. Masu kallon tashoshin Detroit a Windsor ta Kanada, da na Buffalo a Toronto, da na El Paso a Ciudad Juárez ta Meksiko, ba sa cikin lissafi. KVOS ta Bellingham a jihar Washington tana kasuwar Seattle a takarda, amma shekaru da dama mutanen Vancouver take yi wa shiri, daga can tallanta ke zuwa. XETV kuwa lasisinta na Meksiko ne, eriyarta a Tijuana, amma ita ce tashar ABC ta San Diego daga 1956 zuwa 1973, ta Fox daga 1986 zuwa 2008.

An yi zaton intanet za ta rushe duk waɗannan shingaye. Labaran gida dai sun sami sauƙi, domin tashoshi da yawa na watsa nasu kyauta a shafukansu, mutumin marainiyar gunduma yana iya kallon labaran babban birnin jiharsa a waya. Amma ga cikakkiyar tasha, mai wasanni da shirye-shiryen babbar kafa, YouTube TV da Hulu da ire-irensu suna duba inda mai kallo yake ne, su gano kasuwar da Nielsen ya sa shi, su ba shi tashoshin can. Google ma na sayar wa masu talla yankuna da wannan zanen. Layin da aka ja a zamanin eriyar kan rufi da littafin da ake cikawa da fensir, shi manhajar waya ke tambaya kafin ta buɗe wasan ranar Lahadi.